Filin Jirgin Greensboro: Fasinja Ya Wuce, Sana'a Ta Zauna

Mutumin da ke zaune a unguwar Glenwood ta birnin Greensboro, a jihar Karolina ta Arewa, idan tafiyar gida ta kama shi, Yamai ne ko Maraɗi ko Kano, tsakaninsa da filin jirgin sama na Piedmont Triad bai wuce tafiyar minti 20 a mota ba, kuma sunan filin ya nuna na ƙasa da ƙasa ne. Sai dai babu jirgin fasinja da zai ɗauke shi daga nan ya ƙetare teku da shi. Dole ya hau wani jirgin zuwa Atlanta ko Washington ko New York, daga can ya bi ta Kasablanka ko Istanbul, ko kuma ya roƙi ɗan'uwa ya kai shi Raleigh ko Charlotte a mota. Greensboro na cikin garuruwan da 'yan Nijar suka fi taruwa a Amurka, saboda haka wannan ƙorafi ba baƙo ba ne a bakin masu jin Hausa da Zabarmanci a garin, kuma da yawa sun yanke hukunci cewa filin bai cika sunansa ba. Ni ban yarda da hukuncin ba. Tarihin filin na kusan shekara 100 ya nuna cewa duk lokacin da ya bi sawun fasinja wahala ya sha, kuma bai tsaya da ƙafafunsa ba sai da ya koma ga abubuwa biyu da maƙwabtansa ba za su iya ƙwace masa ba, wato faɗin ƙasa da hannun masu sana'a.

Greensboro gari ne da hanya ta haifa. Tun da layin dogon Karolina ta Arewa ya ratsa ta cikinsa a 1856, da ƙoƙarin tsohon gwamna John Motley Morehead wanda mazaunin garin ne, layuka suka riƙa haɗuwa a nan har aka yi masa laƙabi da garin ƙofa. Masaƙun iyalan Cone sun zauna ne saboda jirgin ƙasa na kawo auduga yana kwashe yadi, ita ma Glenwood a farkon ƙarni na 20 ta tashi, a kudu da layin dogon. Mutanen da suka ga abin da jirgin ƙasa ya yi wa garinsu ba su tsaya jira ba da na sama ya bayyana. A 1919 aka buɗe ɗan filin Maynard. A 1927 birnin da gundumar Guilford suka sayi eka 112 a ƙauyen Friendship, yamma da gari, daga hannun Paul Lindley, wanda danginsa suka shahara da renon dashen itatuwa, aka sa wa wurin suna filin Lindley. A watan Oktoban shekarar Charles Lindbergh, wanda watanni kaɗan kafin nan ya ƙetare Tekun Atilantika shi kaɗai, ya sauka a can da jirginsa. Abin lura shi ne aikin da ya fara ciyar da filin. A watan Mayun 1928 kamfanin Pitcairn ya fara sauka da jakunkunan wasiƙu a kan hanyar New York zuwa Atlanta, fasinja kuwa sai a 1930 ya biyo baya, bayan kamfanin ya rikiɗe ya zama Eastern. Kaya ne ya riga mutum zuwa wannan fili.

Shekarun da suka biyo baya ba sa buƙatar dogon bayani. An rufe filin a tsakiyar shekarun 1930 saboda titinsa bai da inganci, aka sake buɗe shi a 1937 da titunan da aka daɓe. A 1942 ya koma hannun hukuma ta musamman ta Greensboro da High Point, sojoji suka yi amfani da shi a Yaƙin Duniya na Biyu, aka gina sabon ginin fasinjoji a 1958, sannan wanda ake amfani da shi yau a 1982. A 1987 ya samu sunansa na yanzu, domin ya haɗa garuruwa uku, Greensboro da High Point da Winston-Salem. Kasancewarsa na ƙasa da ƙasa a aikace yana nufin akwai jami'an kwastan da za su karɓi jirgi ko kayan da suka shigo daga waje. Bai taɓa zama alkawarin jirgin Landan kowace safiya ba.

Abin da ya yanke wa filin ƙaddararsa ta fuskar fasinja ya faru ne a 1978, lokacin da majalisar Amurka ta cire hannun gwamnati daga tsara hanyoyin jirage da farashin tikiti. Daga nan kamfanoni suka gano cewa riba tana cikin tara mutane wuri guda. Tsarin kamar na babbar tashar mota ne: ƙananan motoci na kawo mutane daga ƙauyuka, a cika babba da su ta kama doguwar hanya, kuma ba a yin irin wannan tasha biyu a unguwa ɗaya. Kamfanin Piedmont, wanda Tom Davis ya kafa a Winston-Salem ya fara jigila a 1948, ɗan gida ne a wannan yanki ta kowace fuska. Amma da ya tashi zaɓar mahaɗarsa, Charlotte ya ɗauka, kimanin kilomita 145 a kudu maso yamma. USAir ya haɗiye Piedmont a 1989, daga baya American ya gaji duka, mahaɗar Charlotte kuma sai ƙara kumbura take yi. A gabas American ya buɗe tasa mahaɗar a filin Raleigh-Durham a 1987, kuma ko da ya rufe ta a 1995, jami'o'i da kamfanonin bincike na yankin sun ishi filin fasinja, ballantana da Southwest mai arhar tikiti ya shigo a 1999. Sakamakon a bayyane yake a alƙaluman 2019: Charlotte ya ga fasinja sama da miliyan 50, Raleigh-Durham kimanin miliyan 14, Greensboro kuwa miliyan 2 da 'yan kai. Manyan hanyoyin mota masu lamba 40 da 85, waɗanda garin ke taƙama da su, su ne kuma ke kwashe masa fasinja cikin sa'a ɗaya ko ɗaya da rabi.

Ba wai Greensboro ba ta gwada ba. Sau uku ta gwada, sau uku abin ya watse. A 1993 Continental ya kafa reshensa mai arha, Continental Lite, ya mai da filin mahaɗa, jirage suka cika ƙofofi, amma kafin ƙarshen 1995 an naɗe tabarmar saboda asara. Ƙaramin kamfanin Eastwind ya dawo da mazauninsa nan, ya mutu a 1999. Skybus na Columbus ta jihar Ohio, mai sayar da 'yan kujeru a dala 10, ya buɗe sansani a watan Janairun 2008, a watan Afrilun shekarar ya daina tashi baki ɗaya, tsadar man jirgi ta karya shi. Za a iya cewa kowannensu da dalilin faɗuwarsa, kuma haka ne. Amma a duka ukun abu ɗaya ya maimaitu: arha ce ta jawo fasinjan, da arhar ta tafi ya koma inda ya saba, domin yawan matafiyan yankin bai kai ya riƙe mahaɗa ba alhali ga manya biyu a gefe da gefe. Ko a ƙarshen 2017 hukumar filin ta yanke shawarar sauya masa suna zuwa na tsakiyar Karolina ta Arewa, da fatan baƙi za su fi gane inda yake, jama'a suka tayar da ƙura, aka jingine maganar cikin 'yan makonni. Da an sauya ɗin ma, tazarar da ke tsakaninsa da Charlotte ba za ta ƙaru da kilomita ko ɗaya ba.

Mai karatu na Kano ya san wannan ciwo ta wata fuska. Jiragen sojan saman Ingila uku sun sauka Kano ranar 1 ga Nuwamban 1925, kuma daga 1936 jiragen Imperial Airways suka fara zuwa. Shekaru da dama filin Kano zango ne da masu ƙetare Sahara ba su da makawa sai sun yada, su sha mai su wuce kudu, BOAC da Sabena da KLM duk sun san shi. Da aka ƙera jiragen da ke iya cinye hanyar a tashi ɗaya, dalilin tsayawar ya kau, suka janye ɗaya bayan ɗaya, KLM ya yi sallama a 2012. Darajar da matsayi a kan hanya ke bai wa fili aro ce, mai ita kuwa shi ne kamfanin jirgi da injiniyan da ke ƙara wa jirgi tsawon numfashi. Kano ba ta yi laifin komai ba da aka wuce ta, haka ma Greensboro. Bambancin yana cikin abin da aka yi da filin bayan an wuce shi.

Domin a gane abin da Greensboro ta yi, sai an san yadda irin wannan fili ke cin abinci. Hukumarsa mai mutum 7 ce, garuruwan uku da gundumomin Guilford da Forsyth ke naɗa su. Kuɗinta na shigowa daga harajin sauka da ake lissafawa da nauyin jirgi, da hayar ƙofofi da kantuna, da hayar ƙasa, da kuɗin ajiye mota, da ɗan abin da ake ɗorawa a kan tikiti wanda doka ta hana ya wuce dala 4.50, sai tallafin hukumar jiragen sama ta tarayya don manyan ayyuka. Dokar tarayya ta kuma hana a kwashi kuɗin fili a kai wani aikin gari, abin da ya samu a jikinsa zai ƙare. Duk waɗannan, in ban da ɗaya, suna hawa da sauka ne tare da fasinja. Ɗayan shi ne hayar ƙasa. Kamfanin da ya yi hayar eka 50 ya kafa rumfar ƙarfe da injina a kai ba ya tashi don farashin mai ya hau a wata uku. Hukumar ta yi shekaru tana sayen gonakin da ke kewaye, har filin da ya fara da eka 112 ya kai kimanin 4,000. Sannan aka gina gada a kan babbar hanya mai lamba 73, gadar da jirgi ke bi da tayoyinsa motoci na wucewa ta ƙarƙashi, domin ɗaruruwan ekokin da ke ƙetaren hanya su samu mashiga zuwa titin tashi. A ganina wannan gada ta fi kowane sabon ginin fasinjoji bayyana inda hankalin masu filin ya koma.

Na farkon da ya nuna hanyar shi ne gyaran jirage. Kamfanin TIMCO ya kafu a filin a 1990, HAECO na Hong Kong ya saye shi a 2014. Aikin da ake yi a rumfunan ya cancanci a dube shi da kyau. Jirgin da lokacin babban bincikensa ya yi, jawo shi ake yi ciki a kewaye shi da matakala, a cire kujeru da dardumar ƙasa da allunan bango, har sai haƙarƙarinsa na ƙarfe ya fito fili. Bakanike ya shiga da tocila da ɗan madubi mai doguwar mariƙa yana leƙa bayan kowace ƙusa, yana neman tsatsa ko tsagar da ba ta kai kaurin gashi ba, musamman ƙarƙashin banɗaki da wurin dafa abinci inda ruwa ke kwanciya. Kowane aiki da takardarsa, wanda ya yi ya sa hannu, mai dubawa ya sa nasa, kuma jirgin ba ya fita sai takarda ta ƙarshe ta cika, ko da zai yi makonni. Ba a ba mutum lasisin wannan sa hannu sai ya yi wata 30 yana aiki a jikin jirgi da inji, ko ya kammala makarantar da hukuma ta amince da ita, sannan ya ci jarrabawar rubutu da ta baki da ta hannu. Kwalejin fasaha ta gundumar Guilford tana da irin wannan makaranta a gefen filin, mai ɗauke da sunan Tom Davis. Mutanen da suka samu wannan horo gidajensu da 'ya'yansu suna nan, kuma su ne abin da kamfani na gaba ke tambaya kafin ya zo.

Haka aka yi da Honda. Injiniyansa Michimasa Fujino ya yi shekaru yana aiki a wata rumfa a filin ba tare da hayaniya ba, a watan Disamban 2003 ƙaramin jirginsa mai injina a saman fukafukai ya yi tashin farko daga nan, a 2006 aka kafa kamfanin Honda Aircraft da hedikwatarsa a filin, a ƙarshen 2015 hukuma ta ba jirgin takardar amincewa, kuma kafin 2021 ta ƙare an miƙa wa masu saye guda 200. FedEx ya sanar a 1998 cewa zai gina cibiyar rarraba kaya, ta buɗe a 2009. Dominsa aka shimfiɗa titi na uku mai tsawon ƙafa 9,000, wanda ya fara aiki a 2010, kwance daidai da babban titin mai ƙafa 10,001, ta yadda jirage biyu za su iya sauka ko tashi lokaci guda. Cikin dare jirage da tireloli ke shigowa, a sauke akwatunan ƙarfe, kunshin kaya su hau bel mai gudu, na'ura ta karanta lambar kowanne ta tura shi layinsa, kafin asuba an sake lodi an tashi. Wannan duka ya zo ne a daidai lokacin da tsofaffin ginshiƙan yankin uku, saƙa da kayan ɗaki da taba, ke zubewa. Kamfanin saƙa na Burlington Industries ya durƙushe a 2001, Cone Mills a 2003, masaƙar White Oak da ta yi fiye da ƙarni tana saƙa yadin jins ta rufe a ƙarshen 2017.

Akwai masu ja da wannan hanya, kuma hujjojinsu ba na wasa ba ne. Ta farko ita ce ta kuɗin jama'a. Ana jawo kamfanonin nan ne da rangwamen haraji da aikin share fili da gwamnati ke biya, kuma alkawari ba ya cika koyaushe. FedEx ya yi maganar ma'aikata 1,500, amma cibiyar ta buɗe cikin tsananin karayar tattalin arziki da adadin da bai kusanci haka ba, ta ɗauki shekaru kafin ta murmure. Kamfanin kwamfuta na Dell, wanda aka yi wa tayin tallafi mai yawa, ya buɗe masana'anta kusa da Winston-Salem a 2005 ya rufe ta a 2010. Kamfanin Boom, mai son ƙera jirgin fasinja da ya fi sauti gudu, ya zaɓi filin a watan Janairun 2022, jiha ta ware sama da dala miliyan 100 don shirya wurin, ginin ya kammala a 2024, amma kammala gini daban ne da fitowar jirgi daga cikinsa. Duk wannan gaskiya ne, kuma wanda ya ce a sa ido ya faɗi daidai. Abin da zan ƙara shi ne a duba abin da ya rage a ƙasa bayan kowace faɗuwa. Da Skybus ya mutu, jiragensa suka tashi, ƙofofi suka zama kango a dare ɗaya. Idan kuwa mai hayar rumfa ya gaza, titin mai ƙafa 9,000 na nan, gadar na nan, filin da aka share aka kai masa ruwa da wuta na nan, bakaniken da aka horar na nan, wani ya zo ya ɗora. Babban kason tallafin jiha ma ba a biyansa sai an ga ma'aikata a takardar albashi.

Hujja ta biyu ta fi taɓa zuciya, domin ta masu gida ce. Mazauna unguwannin da ke ƙarƙashin hanyar jirage sun yaƙi cibiyar FedEx shekara da shekaru, har gaban kotu, saboda jirgin kaya da dare yake aiki. Sun sha kaye, an sayi wasu gidaje, an toshe wa wasu tagogi da ƙofofi don rage ƙara. Ba na jin adalci ne a ce da su su yi haƙuri don amfanin kowa a wuce wurin. Barcin mutum haƙƙinsa ne, kuma wanda ya sayi gida kafin a zana sabon titi bai ci bashin kowa ba. Wannan farashi ne na gaske da wasu 'yan tsiraru suka biya domin yanki ya samu aiki, kuma duk faɗaɗawar da za a yi nan gaba ya kamata a fara da lissafinsu kafin na kamfani.

Ta uku ita ce wadda ta shafi talakan cikin gari. Zai ce, me masana'antar jirgin attajirai ta tsinana mini, ni da tikitina ya fi na Charlotte tsada? Ta fuskar tikiti babu amsa mai daɗi, kuma yaudara ce a ce masa jirgin Faransa na tafe. Amma mutum sau ɗaya ko biyu yake tafiya gida a shekara in ya samu hali, aiki kuwa kullum yake nema. Wanda ya zo Amurka da sanin kanikanci ko walda ko gyaran wuta, ko ɗansa da ya gama sakandare, kusan shekara biyu a kwalejin gunduma ce tsakaninsa da lasisin da ake nema a ko'ina jirgi ke sauka a ƙasar. Inda nake ganin hujjar tana da ƙarfi shi ne wajen isa ga aikin. Filin yana bayan gari, aikin kaya na tsakar dare ne, wanda ba shi da mota kuma motar haya ta jama'a ba ta cika yi masa amfani a wannan lokaci ba. Kuɗin makaranta da Turancin jarrabawa su ma shinge ne. Idan jiha na iya ware miliyoyi don share wa kamfani fili, tana iya ware kaɗan daga ciki don motar dare da kuɗin karatun masu koyo.

Gwajin da ke gaba ya fi duk na baya girma. Kamfanin Marshall na Ingila ya sanar a 2023 zai kafa wurin gyaran jiragen soja na dakon kaya samfurin C-130 a filin. A watan Yunin 2025 JetZero na Kalifoniya, mai shirin ƙera jirgin da gangar jikinsa da fukafukansa suka haɗe wuri guda, ya yi alkawarin zuba dala biliyan 4.7 da ɗaukar ma'aikata sama da 14,000. Kamfani ne da bai taɓa sayar da jirgin fasinja ko ɗaya ba, kuma Honda mai tsohon kuɗi da gogewa sai da ya ɗauki shekara 12 tsakanin tashin farko da takardar amincewa. Saboda haka bai kamata hukumar filin ta ɗaure dukan ekokin da ke ƙetaren gada ga mai haya guda ba, kuma bai kamata kwalejin ta jira ranar buɗe masana'anta kafin ta ƙara ajujuwa ba, domin rumfunan gyara da ke aiki yau suna neman bakanike ko JetZero ya zo ko bai zo ba.